Ƙwayar Fuka da Goron da Na Riƙa Kawo Miki

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah Ya haskaka makwancinki.

Na gaji, Inna. Na ajiye aikin asibiti, gwiwoyi sun ƙi, ido ya rage, amma maganar nan ta ƙi sakina. Gara in faɗa miki ita.

Kin tuna lokacin da aka ba mu Jihar Sakkwato, arzikin man fetur ya buɗe, na samu aikin ba da magani a Tambuwal har na hau babur sabo fil? Duk Juma'a sai in bi ramukan hanyar Kebbe in iso Fakku da gwangwanin ƙwayar fuka, wadda ake kira tiyofilin, da farin goro a cikin ganye. Ina ta ji da kaina, wai ni likita. Numfashinki kuwa ya buɗe, kin koma karantar da matan unguwa ba tare da kin tsaya kina haki ba.

Abu ɗaya nake tambayarki, yaya ƙirji. Ke kuma ki kau da kai ki ce, “Da sauƙi, wannan yaro.” Ni ne ɗan fari, ko sunana ba kya kamawa, balle ki yi mini zancen fitsari.

Sai bayan rasuwarki ƙanwarki Hajo ta gaya mini. Ashe tun da kika fara shan ƙwayar kike yawan zagayawa, alwala ba ta zama. Ke kuwa ba kya taɓa littafi sai da alwala. Sai kika yanke wa kanki ruwa, daga asuba har azahar, a tsakiyar bazara. In ƙarfi ya gaza, ki ɓantari goro. Ta ce kin taɓa ce mata, “Maganin ga shina da kyau, sai dai shi ka ɓata min tsarki. Kar ki faɗa mai, shi ji kunya.”

Haba, Inna. Kunyar me?

Da na koma ƙaro karatu aka koya mana abin. Akwai wani sinadari a jiki, adenosin, da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta rage aiki in jiki ya matsu. Tiyofilin yakan tare masa mazauni, ya hana shi aikinsa, sai gishiri ya bi fitsari, ruwa ya bi gishiri. Sinadarin da ke cikin goro ma hanyarsu ɗaya. Malamin yana zana ƙoda a allo, ni kuwa ganyen goron da nake ɗaurewa a bayan babur nake gani. Na fita daga ajin.

Ban san ko shi ne sanadi ba, Allah kaɗai Ya sani. Abin da na sani shi ne ranar da muka ɗauko ki zuwa asibiti a bayan motar hatsi leɓenki ya bushe, fatar hannunki in an ja ba ta komawa. Likita ya ce ƙoda ta tsaya. Ya tambaye ni yaya fitsarinki yake a kwanakin nan, abin da ni ban taɓa tambayarki ba.

Tun daga nan ban sake miƙa wa tsohuwa wannan ƙwaya ba sai na sa ma'aikaciya mace ta ja ta gefe ta tambaye ta, ta kuma ce mata ta sha ruwa, alwala ana sake ta. Wasu sun ce na cika bin diddigi. Su faɗa.

Ban yi fushi da kunyarki ba, Innata. Kaina nake jin haushi, da na san sunan magani ban san halin uwata ba. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya shayar da ke daga Alkausara, shan da babu ƙishirwa bayansa. Amin.

Ɗanki na fari,
wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.