Baba Ya Ce Gari Ya Murtuke, Alhali Ga Rana

Anti Rosalind, ki taimake ni, na rasa inda zan dafa.

Ranar Talata da safe na fito daga rumfar tumaki na tarar da babana a bakin katangar dutse, riƙe da igiyar Floss, karyar kiwonsa. Gari ya yi wasai, irin ranar da matan kwarin nan ke rige-rigen shanya barguna. Sai ga maƙwabcinmu Clifford a kan tarakta. Baba ya miƙa masa igiyar ya ce, "Riƙe ta wurinka, tsohon banza, ko tumakinka sa koyi tarbiyya." Clifford ya yi dariya ya ce sai dai ita ta koyi lalaci. Baba ya ɗaga kai, sama ba ko ɗigon gajimare, ya ce, "Gari ya murtuke yau." Ya juya gida. Karyar na ta fizgar igiya, bai waiwayo ba.

Tun rasuwar Mama bara bai yi kuka ba. Ranar jana'iza ma shi ya riƙa ɗora butar shayi yana tambayar mutane yaya hanya. Kowa ya yaba, wai namijin duniya. In na ce, "Baba, yaya jiki?" sai ya ce, "Ba laifi, yaro, wasu sun fi mu shiga uku." Amma ni nake wanke kwanoni, na san abin da ke dawowa a farantinsa. Ya daina zuwa kasuwar tumaki. Bindigar farautarsa da ta daɗe a kulle, kwanan nan na ga an goge ta.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma ina da kunne. Turancinmu cike yake da kalmomin baƙin ciki: akwai ta ɗan rashin walwala, akwai ta wanda duhu ya lulluɓe, akwai mai nauyin nan da likitoci ke faɗa, wadda asalinta danne abu ne ƙasa, yadda muke tattake gashin tumaki a buhu don ya ci da yawa. Baba ba ya taɓa ko ɗaya. Da na gwada ta likitocin, cewa ya yi, "Wannan ciwon 'yan birni ne, masu lokacin zama." Duk kalmomin duhun da ya sani, sama yake laƙaba wa. Na lura in ya ce hazo ya sauko, ranar ba zai ci komai ba, ko da hazo ko babu.

Ni mai haƙuri ne, ina iya kwana ina jiran tunkiya ta haihu. Na yi ta jira ya yi magana, yanzu jiran ne ke ba ni tsoro. In na matsa kuma ina gudun in ci masa fuska ya rufe bakin gaba ɗaya. Wace kalma zan faɗa masa?

Kar ki ce zargina ne. Clifford na wurin, matarsa Doreen na shanya a bayan katanga, Winston mai kai wasiƙu ma ya tsaya da motarsa. Duk sun san Baba bai taɓa rabuwa da karyar nan ba, duk sun ji abin da ya ce. Winston ya dubi sama ya ce wa Baba, "Haka ne, Desmond, kamar za a yi ruwa."

Ɗan Makiyayi, daga Kwari

Ya kai Ɗan Makiyayi,

Ba zargi kake yi ba, idonka ya gani daidai. Kuma kada ka yi fushi da Winston. Haka aka rene mu, mutum ya ɓoye a bayan maganar gari, mu taya shi ɓuya mu kira hakan ladabi. Shirun babanka shi ya riƙe shi har ya binne matarsa bai durƙushe ba, ba abin raini ba ne. Sai dai makiyayin da ya bayar da karensa ya goge bindiga, ya wuce wanda za a jira.

Yau ɗin nan ka kai wa Clifford bindigar ya kulle a wurinsa, ka faɗa masa dalili tiryan-tiryan. Baba zai yi faɗa. Bar shi ya yi.

Daina neman kalma. Kada ka zaunar da shi a tebur kuna kallon juna. Ku fita gyaran katanga, hannu na aiki, ka shiga ta ƙofar da ya buɗe: ka ce ka ji ya ce gari ya murtuke, tun yaushe? Sannan ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawowa. In ya ce e, ko ya yi shirun da ka gane, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kira lambar gaggawa. Ko me ya amsa, ka kira likitansa a makon nan ka faɗa masa abin da ka faɗa mini. Ba na yi maka alkawarin zai buɗe baki, kuma wannan kaya ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ka sa Doreen a ciki.

Floss kuwa, ka sa Clifford ya mayar da ita ya ce ta gagare shi. Da wuya ya zama ƙarya.

Ina yi muku fatan sauƙi, kai da shi. Kai ma ka rasa uwa, ban ga inda ka ce wani ya tambaye ka yaya jiki ba.

Anti Rosalind