Man Shanun da Kika Hana Kanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Rabi, babbar 'yarki.

Yau jikata ta sha lemon kwalba da biskit, ba a jima ba ta dawo tana kukan yunwa. Sai kika faɗo mini a rai.

Kin tuna shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, zamanin mulkin soja, gero ya ƙi? 'Yan'uwan Baba suka taho daga arewa suka sauka gidanmu na Bunkure, saboda mu muna noman rani. Masu ci suka yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, ga alkama ba ta nuna ba.

Baba ya tausaya mana, ya kawo sukari daga kasuwar Kura a riƙa zuba mana a koko. Mun yi murna. Amma kafin hantsi ciki ya koma wayam, ƙannena suna jan zanenki suna kuka. Kika ce masa, "Malam, zaƙin nan iyakarsa baki. Yunwa ma yake tayarwa."

Kika ba Bafulatana mai kawo nono sukarin, ta ba ki man shanu. Kullum da safe ki yi ɗumame kaɗan, ki ɗiga mai, ki marmasa ƙuli-ƙuli a kai. Da ɗan wannan muke kai la'asar, ba mai leƙa madafi.

Ni nake miƙa kwanuka, don haka na lura naki ba ya maiƙo. Na tambaye ki, kika ce, "Cikin babba ya iya jira. Ci naki."

Ran nan kina daka, taɓarya ta suɓuce, kika zube gefen turmi. Da Baba ya dawo daga ban-ruwa na gaya masa komai. Ya je ya zauna bakin ƙofarki. Tun daga ranar ba ya fita gona sai ya zuba miki man da hannunsa, ya tsaya kin cinye. Kina cewa yana ba ki kunya gaban yara, amma kina ci.

Innata, dukanmu mun ga girbin alkamar nan, ba a rasa kowa ba. Ke kaɗai kika fito a rame, har warwaronki yana zamewa daga hannu, kuma ban taɓa jin kin ba wani labarin ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ƙosar da ke da abincin Aljanna, Ya sada ki da Baba a can.

Taki har kullum,
Rabi