Mil Ɗari Biyar a Kan Zare

Wagini, 2 ga Satumba, 1976

Zuwa ga ɗana Uwaisu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina nan, sai ƙafa da ido da ke ta raguwa. Kande, ƙanwar marigayiya mahaifiyarka, ita ke aiko mini da tuwo.

Na ɗauko taswirarmu ta elemantare, na aza zare daga Fatakwal zuwa Kano. Kusan mil ɗari biyar. Wani direba ya ce jirgin sama bai cika awa biyu yana cinye su. Ashe ka fi garin Runka da ke nan gefenmu kusa, in a kan jaki za ni. Shekara huɗu ke nan rabona da kai. Ina so in ga fuskarka tun idon na gani.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka, Muntaka

Fatakwal, 16 ga Satumba

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Gaskiya ne, jirgi ba shi da wuya. Wuyar daga Kano zuwa gida ce, ga damina ta ɓata hanyar Batsari. Kwana huɗu kamfanin mai ya ba ni. Duk da haka zan taso ran 7 ga Oktoba, ko kwana ɗaya ne in yi.

Ɗanka, Uwaisu

Wagini, 29 ga Satumba

Uwaisu,

Bayan gaisuwa. Kada hanya ta cinye maka hutu. Ni ba ni da abin yi sai zama. Zan bi motar kasuwar Batsari in tarye ka a filin jirgin Kano, mu sami kwana uku cur. Ka duba bakin ƙofa, ina da farar hula da sanda.

Mahaifinka

Wagini, 9 ga Oktoba

Baba,

A ɗakinka nake rubuta wannan. Ban sami kujerar Kano ba, sai na sauka Kaduna, na biyo ta Safana. Inna Kande na ganina ta dafe kai, ta ce, "Kai ɗan nan! Tsohon yana Kano yana jiranka." Ta ce ka aiko da takarda. Ba ta iske ni ba. Na jira har la'asar. Dole in koma ta Kaduna, tikitina na can. Ka yafe mini.

Uwaisu

Wagini, 13 ga Oktoba

Uwaisu,

Na dawo lafiya. Kwana uku na yi a bakin ƙofar. Jirgi goma sha tara na ƙirga. Sau biyu na kama hannun ɗan wani.

Babu laifinka. Zarena jirgi ya auna, bai auna gidan waya ba.

Na tarar da tabarmar da ka kwana a kai. Kande ta zo za ta naɗe, na ce ta bari.

Allah ya tsare.
Mahaifinka, Muntaka