Fadamar da Baba Isa Ya Nuna Mini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗalibi ne a nan Injamena, ina masta, wato digiri na biyu, kan 'ya'yan kifi da ke girma a fadamun kogin Shari lokacin ambaliya. Da na fara fita babu masuncin da ya kula ni, suna ganin kwalabe da na'ura a hannuna sai kowa ya tsuke baki. Mahaifina ɗan kasuwar banda ne a Sabangali, shi ya haɗa ni da Baba Isa, masuncin da suka daɗe suna hulɗa, ya ce ga ɗansa nan amana. Baba Isa ya sa ni a kwalekwalensa, na ci tuwon gidansa, har ya kai ni wata fadama bayan Gassi inda kifi ke ƙyanƙyasa, wadda ba sa nuna wa baƙo.

To a can na ga abin da ya tayar mini da hankali. Da gidan sauro suke kamu, suna kwashe har 'yan mitsi-mitsin da ba su kai yatsa ba. Na yi masa magana, ya ce ya sani sarai, amma manyan kifi sun yi ƙaranci, yara kuma ba sa jiran baɗi.

Yanzu na gama memwar, wato kundin binciken nawa, sakamakon ya nuna kifin wurin yana ƙarewa. Furofesana ya ce dole in sa taswira da lambobin GPS na kowane wurin da na ɗebi samfur, in ba haka ba wannan ba bincike ba ne, tatsuniya ce, ba zai sa hannu ba, kalas. Kuma kwafi ɗaya hukumar da ta ba ni izinin shiga ruwa ake kai wa, su kuwa in sun zo ƙona koma suke yi su ƙwace kwalekwale. Na roƙe shi in rubuta yankin kawai, ya ce shi ba hakimi ba ne da zan kawo masa zumunci. Haushi ya kama ni, amma na san gaskiyarsa. In na yi shiru ma fadamar mutuwa za ta yi.

Mahaifina ban iya gaya masa ba, Baba Isa ma haka. Jiya shi Baba Isan ya kira ni yana dariya.

"Ɗana, yaushe ne ranar kare littafin naka? Na ba da ɗinkin sabuwar riga, gaba zan zauna."

Na ce masa an kusa, Baba.

Sati mai zuwa ake rufe karɓar memwar. In sa taswirar, ko in bar shekarun karatuna su tafi a banza? In kuma sawa zan yi, da wane baki zan fara gaya wa Baba Isa?