Tukunyar Inna Kafin Nowel

Zuwa ga yayana Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fatan kana lafiya, kai da Rahila da yara. Ya aiki, ya zaman Agadas? Mu nan Agiye lafiya lau, sai kewarku.

Nowel, bikin haihuwar Almasihu, ta matso, ta farko tun rasuwar Inna. Da na yi niyyar kada mu dafa komai bana. Ka tuna yadda take tashe mu da waƙa tana yanka albasa? Ko babbar tukunyarta na kasa dubawa.

Shekaranjiya maƙwabciyarmu Hajiya Zali ta shigo, ta fito da tukunyar, ta zauna tana wanke ta da toka. Ta ce, "Ɗiyata, duk sallarku shinkafar tukunyar nan nake ci. Ki nemo itace, ni zan tsaya miki." Muka yi kuka tare.

Baba yana zaure, ya ji komai. Ya ce, "Uwarku ta riga ta ga Wanda muke jira. Ku hura wuta."

Ka sa shi cikin addu'a, don ranar zai tafi majami'a ba tare da Inna ba. Ka gaida Rahila da yara.

Ƙanwarka,
Tabita