Ɗigon Idon Baba

Litinin, 3 ga Maris

Kwalbar ɗigon idon Baba a cike take. Bayan rediyonsa na tsince ta, duk ta yi ƙura. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kullum ɗigo ɗaya a idon hagu, shi kuwa ya daina tun bara. Kowa a gidan ya sani, sai ni. Dalili wai gashin idon ya yi zara-zara, fatar idon ta yi baƙi, abokansa na tsokanarsa wai tsoho ya fara kwalliya da ido ɗaya. Saboda dariyar wasu tsofaffi mutum zai zauna idonsa ya mutu.

Talata, 4 ga Maris

Abin da ya fi ƙona min rai, aikina ke nan. Shekara da shekaru ina sammakon zuwa mahauta, in karɓo idanun shanu cikin ƙanƙara, in kai ɗakin bincikenmu, in feɗe, in tace maiƙon da ke ciki. Yau na zauna na yi masa bayani dalla-dalla. Ido da kansa yana haɗa wani irin maiƙo mai kai saƙo, ya ce wa magudanar ruwan ido ta buɗe. Maganin kwaikwayonsa ne. Idan ya shiga, sai fatar ƙwayar ido ta gutsure masa wutsiya sannan ya fara aiki, kuma jiki ba ya barinsa ya daɗe, narkar da shi yake. Shi ya sa ba a fashi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Uwata, ni fa ba saniya ba ne." Mama ta yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yaya ya kawo masa wani ruwa a gora ba suna, wai yana wanke ido. Na tuttule a kwata. Ya ce boko ya sa ina yi wa mutane kallon dabbobin gwaji. Ban ba shi haƙuri ba, ba kuma zan ba shi ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Baba ya yi karo da ƙyauren ɗakinsa, ta hagu. Yana faɗa wai wa ya bar shi a buɗe. Ƙyauren da tun ina yarinya ban taɓa ganinsa a rufe ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na ja shi asibiti. Gefen ganinsa na hagu ya tafi, kuma ba ya dawowa. Na tambayi likitan ko ya taɓa gaya masa fatar za ta yi duhu, ko ya ce a riƙa goge abin da ya zubo. Wai ai yana rubuce a takardar cikin kwalin. Rubutun da ni mai lafiyar ido sai na ƙanƙance ido nake karantawa, shi za a bar wa mai ciwon ido. Na ce a canza magani, ya ce ɗayan ba ya jituwa da asmar Baba. Ko kallon Baban bai yi ba, ni yake wa magana, ni ma shi nake wa. 

Juma'a, 14 ga Maris

Ina wanke-wanke ina mita, Mama ta kashe famfo ta ce in rage murya. Wai maganar abokai fakewa ce kawai. Hannunsa ne ke rawa. Ya ɗaga kwalbar, ɗigon ya sauka a kunci, ya sake, ya sauka a fatar ido, har ya gaji. Ta ce ya kawo ta ɗiga masa, ya ƙi. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan keken ɗinki, yana zura zare a allura ko dubawa ba ya yi.

Na ce me ya hana a faɗa min. Ta ce, "Kin taɓa tambaya? Ke da kin shigo sai lacca."

Wannan ba adalci ba ne. Na tafi ban yi sallama ba.

Asabar, 15 ga Maris

Ban je ba.

Talata, 25 ga Maris

Tun makon jiya nake biyawa ta gidan in na tashi aiki. Sai in ajiye jaka, in wanke hannu. Shi kuma ya ƙara muryar rediyo ya jingina kai da kujera, kamar dama hutawa zai yi. In ɗiga, in danna gefen hanci, in goge da auduga. Yau da ya rufe idon sai ya riƙe min tsintsiyar hannu, ya ce hannuna sanyi kamar na marigayiya mahaifiyarsa. Na ce ƙanƙarar wurin aiki ce.

Da likitan da Yaya, har yanzu ban huce ba. Gidan kuma kusan a kan hanyata yake, in ta babbar gada na zagayo.