Ƙwaya da Ruwan Tofi

Zuwa ga aminina Malam Ishaƙa,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Inda ka koma, ko jirgin ƙasan da na yi wa bauta ba ya zuwa. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, kuma kai ne mai ita.

Tun kana raye na ji wata ji-ta-ji-ta a majalisarmu ta bakin tasha. Wai in ɗalibin jami'a ya same ka a masallacinka da ciwon damuwa, irin wanda barci ya ƙaurace wa, ko mai kuka ba a doke shi ba, ba ka tsayawa a kan addu'a. Wai kakan sa shi a keke Napep ka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, sannan ka yi tofi a ruwan leda ka ce ya haɗiyi ƙwayar da shi. Na ƙaryata har da rantsuwa. Na ce malami kamarka ya rasa madogara sai ƙwayar Nasara? Ashe daga alherinka nake kare ka.

Labarin gida, doya ta yi kyau a Godogodo, sai dai ba haƙoran ci. Masallacinka an shimfiɗa masa tayil, an ƙara lasifika. Tabarmar da kake zama da yara bayan La'asar an naɗe ta, butar shayinka kuwa ban san wanda ya gada ba. An kawo wani ustazu, yaro mai daɗin ƙira'a, ba zan tauye shi ba. Amma a wa'azinsa mumini ba ya damuwa, mai damuwa imaninsa ne ke yoyo. Ina kai da kake tuna musu Annabi Yaƙuba ya yi kuka har idanunsa suka yi fari? Wa ya taɓa cewa imaninsa ya ragu? Yanzu yaran da an yi sallama sai su zari takalma.

Jikana Bashir, wanda ka yi wa huɗuba a kunne, yana shekarar ƙarshe a jami'a, ya daina shiga aji. Jarrabawa ta matso, shi yana ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Uwarsa ta ce aljanu ne. Aka kira ustazu ya yi ta ƙwala masa karatu har Magariba, aljanin da bai zo ba ya ƙi fita. Ranar Talata aka tarar ya rabar da littattafansa da rigunansa ga abokai, shi da ba tafiya zai yi ba. Ka san abin da wannan ke nufi. Ni ma na sani: bankwana da duniya yake yi.

Bulus ɗan Madakiya, mai keken nan, ya tare ni a kasuwa. Ya ce mini ji-ta-ji-tar nan gaskiya ce, shi ke kai ku asibiti, kai ka hana shi faɗa. Kirista ne, amma ya haddace Alam Nashraha don yawan jin ta a bayan kekensa.

Ina jin haushinka, Ishaƙa, ga abin da ban faɗa a gaban makararka ba. Shekara nawa muna sa hannu a kwano ɗaya? Ka amince da Bulus, ni ka ɓoye mini. Bakina ka ji wa tsoro? To, ka san shi. Amma me ya hana ka hau mumbari ko sau ɗaya ka ce addu'a da magani ba abokan gaba ba ne? Wa ka koya wa? Ka rufa wa yara asiri, ka tafi da asirin kabari, ka bar su da lasifika.

Gobe da safe Bulus zai zo mu tafi asibiti. Tofin ni zan yi, da 'yan gajerun surorina. Ban sani ba ko yaron zai karɓa daga hannuna.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yayyafa wa haushina ruwa kafin in iske ka. Wanda ya ba ni labarin nan na ƙarshe, jiya ya ba ni. Ya ce tun shekararsa ta farko kake kai shi, ranar da ya ji wa'azin ustazu ya zuba ƙwayoyinsa a masai, tunda babu mai tofa masa a ruwa. Bashir ne.

Amininka mai fushi,
Garba Reluwe, kakan Bashir